Ƙafa Uku, Rami Biyu: Abin da Kawu Ya Yi Mana a Maraɗi

Ana sallame asuba muka tashi daga Funtua, ni da Hajiyarmu da ƙaninta da muke kira Kawu, za mu bikin 'yar ƙanwarta a Maraɗi. Hajiya tana da asma mai tsanani. Kafin in ɗauki zanena ma sai da na ɗauki injin da take shaƙar magani da shi, na naɗe shi da tawul, na rungume shi a cinyata. In abin ya taso mata, injin nan ne kawai ke buɗe mata ƙirji.

Daga Bakori zuwa Malumfashi masara ta yi kai, gona na bin gona har ƙarshen gani. Mun karya da ƙosai a Malumfashi, ƙosan da ya ƙanƙance har sai ka haɗa biyu kafin bakinka ya san ka saka wani abu. Daga Katsina zuwa Jibiya kuwa shingaye ne ba iyaka, kowane a tsaya, a leƙo, a tambayi abin da ke cikin tawul. Da muka canza kuɗi a bakin iyaka na ga yadda nairarmu ta zama abin tausayi a gaban sefa, raina ya ɓaci tun kafin in shiga ƙasar mutane.

Maraɗi ta karɓe mu da dogon burodinsu mai tauri da kwaɗon zogale, mutane masu fara'a da son baƙo. Ana gama la'asar aka cika gidan biki da turaren wuta, kasko nan kasko can. Minti kaɗan Hajiya ta fara tari, numfashinta ya koma fito. Na ja ta ɗaki, na kwance tawul, na nufi bango. Nan na tsaya cak. Kan wayar injinmu ƙafa uku gare shi masu faɗi, irin na gida. Soket ɗinsu kuwa ramuka biyu ne ƙanana, zagayayyu. Laifina ne, ban musa ba: na tuna magani, na tuna katin asibiti, ban taɓa tambayar irin soket ɗin ƙasar da za ni ba.

Na ce a taimaka a nemo mana adafta, ɗan abin nan da ke haɗa kan waya da soket ɗin da ba nasa ba. Kawu ya ce, "Ke dai 'yar nan kin cika tsoro. Ni da nake gyaran injin ban ruwa shekara da shekaru?" Na fita neman matar gidan, kafin in dawo ya sa reza ya datse kan wayar, ya feƙe ta da haƙori, ya cusa tsirarun wayoyin cikin ramukan, ya tokare su da tsinken ashana. Haka dai ake yi a shagunanmu, kowa na gani yana wucewa kamar ba komai ba.

Sai ji muka yi tas! Tartsatsi ya tashi, bango ya yi baƙi, wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke. Hajiya tana zaune a ƙasa ta dafe ƙirji, leɓenta ya fara canza launi, ta kasa ko kiran sunana. Wallahi ban taɓa ɗaga wa Kawu murya ba sai ranar. Na ce masa, ran 'yar uwarka ne za ka gwada gwaninta a kai? Da tsinken ashana?

Allah ya sa maƙwabcinsu mai gyaran wuta ne. Dattijon ya zo ya ɗaga abin da ya yanke wutar, ya duba injin ya ce bai ƙone ba, ya ɗaura masa kai irin nasu. Ya ɗauki kan da aka yanke ya nuna mana fis ɗin da ke ciki, ya ce wannan ne mai tsare injin, shi aka jefar. Ya ƙara da cewa adaftar tana shagon bakin layi, tafiyar da ba ta kai a sa takalmi ba. Injin ya kama gurnani, muka zuba wa Hajiya ido har numfashinta ya dawo. Kawu yana gefe, wai ai wayar tasu ce ba ta da ƙwari.

Kafin mu baro garin na sayi adafta biyu, mai kaiwa can da mai dawowa nan, na duba bayan injin na tabbatar ƙarfin wutar da yake ɗauka ya yi daidai. Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: a tambayi soket ɗin ƙasa kafin a tashi, kuma kada a bar mai reza shi kaɗai da kayan mara lafiya.

Mun iso Funtua bayan kwana uku, hayaƙin hanya ya sake taso wa Hajiya da tari. Yanzu injin ƙafa biyu gare shi, soket ɗinmu rami uku. Ina buɗe jaka in ɗauko adafta na hango Kawu ya zaro tsinken ashana zai danna ramin sama don ƙafa biyun su shiga. Hajiya ce, da ɗan numfashin da ya rage mata, ta miƙa hannu ta karɓe ashanar ta sa a ƙarƙashin cinyarta.