Kawu Ɗanladi da Muryar Binta

Kun dai san Kawu Ɗanladi, ƙanin mahaifiyata, mai gidan gem, inda yara ke wasan bidiyo, a Gyaɗi-Gyaɗi. Kana cikin yi masa magana sai ya karkace kai ya ce, "An yi wa muryar nan sauri." Rediyo bai tsira ba, janareta ma haka.

A wajensa na'urar gem yanki-yanki take haɗiye sauti. In ta zubo shi da saurin da ya wuce na ɗauka, ƙato sai ya koma ɗan tsako. In ta yi nawa, ya koma bajimi. Ni kam ban damu ba, amma shi abin ya tsaya masa a rai, saboda kaset ɗaya rak ya rage da muryar matarsa Binta, wadda ta rasu ta bar 'yarsu Ummi a goye. Batirin rikoda ya yi sanyi ranar ɗaukar, muryar ta fito tsiririya. Ya rantse Ummi ba za ta san uwarta da muryar ƙarya ba.

Lokacin da soja ke shirin komawa bariki, wani ɗan takarar kansila daga Tarauni ya nemi a sa muryarsa cikin wasan ƙwallon da Kawu ke haɗawa a tsohuwar kwamfutarsa. Ta fito kamar ta jariri. Mutumin ya ce a ba shi haka, zaɓe ya matso. Kawu ya ƙi. Sai da aka rantsar da wani, sannan Kawu ya kai masa wasan da gyararriyar murya, ya ce:

"Alhaji, ka faɗi, amma saurari nan. Kai ne sak."

Rowa kuwa, a kwanon awara yake tara kusoshi, amma ya sayar da babur ɗinsa ya sayo wa kwamfutarsa katin sauti saboda kaset ɗin nan. Ummi ta yi ta nacin a kunna mata har ta shiga makarantar nas, kullum amsa ɗaya: da saura.

Wata Juma'a, yana jinyar ajali, ya sa aka kunna muryar da ya gama gyarawa a tsakar gida. Sallama ce kawai da 'yar dariya. Surukarsa mahaifiyar Binta, tsohuwa da ke tsintar shinkafa a ɗaki, ba ta san abin da ake yi ba. Sai muka ji ta amsa, "Wa alaikumus salam, Binta, shigo mana."

Ummi ta durƙushe tana kuka, ni ma na yi. Kawu ya ce a kashe, kar batir ya ƙare.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haɗa shi da Bintarsa a Aljanna.