Askin da Aka Yi wa Garken Damiana

Duk tsaunukanmu na Macusani babu mai askin alfaka, dabbar nan mai kama da ƙaramin raƙumi da muke kiwo don gashinta, kamar Damiana Huaracha. In damina ta kawo kai sai ta kayar da dabba a kan buhu, ta ɗaure mata ƙafafu, ta cusa ganyen koka da muke taunawa don ƙarfi a kumatunta, ta sa almakashi. Gashin yakan sauko kamar bargo guda, ba ɗigon jini. Mijinta ya mutu ya bar mata alfaka ashirin da uku da 'yar fadamar da suke kiwo. Ƙaninsa Nicanor ya daɗe da sa wa fadamar ido.

Shekarar da yanar ido ta rufe mata gani, 'yarta ta kai ta asibiti a Juliaca. Watan Yuni ne, lokacin da ruwa ke daskarewa a cikin tulu. Ta bar wa Nicanor amanar garken.

Kwananta biyu da tafiya ya ɗauko maza uku suka aske su tas, har masu ciki. Ina tsaye a bakin katangata na ce, "Nicanor, a wannan sanyin?"

Ya ce, "Maƙwabciya, je ki ji da dankalinki."

Na koma gida. Har yau abin yana damuna.

Ranar da ta dawo, ido ɗaya a liƙe da auduga, alfaka goma sha bakwai sun mutu sun sandare a cikin shinge. Sauran suna rawar ɗari, fatarsu duk yanka. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana shafawa, tana kiran sunayensu. Nicanor ya zo da sabuwar hula, ya jingina da katanga.

"Matar yaya, kin ga hasken duniya? To duba da kyau."

"Me suka yi maka?"

"Taimakonki na yi. Makauniya ina ita ina almakashi?"

Ta kai ƙara taron gari. Nicanor ya rantse ita ta sa shi, kuma mazan nan uku suka ba da shaida. Aka tambaye ni, na ce ban ji abin da suka yi da ita ba. Dattawa suka ce mai dabba shida ba ta bukatar fadama, aka ba shi riƙo.

Ita kaɗai ta feɗe gawarwakin, ta barbaɗa wa naman gishiri ta shanya a kan duwatsu. Shidan ta ɗinka musu riguna da tsofaffin zannuwanta, huɗu suka rayu.

Yanzu askin lada take yi gida-gida. Bara Nicanor ya aika a kira ta ta aske masa nasa garken, ta je. Ya zauna a kan dutse yana kallonta tun safe har rana ta karkata. Da ta gama ya ce wa matarsa ta zuba mata miya a waje.