Yaya Garba Asali da Arbitir Marar Tsaga

Duk wanda ya san yayana Garba ya san ba ya amsa sallama sai da tambaya a bayanta. "Wa'alaikumus salamu. Kai ɗan wane ne? Daga ina kakanka ya taso?" Direban kamiyo, wato babbar motar kaya, zai gangaro masa da taya rumfarsa ta faci kusa da gada a nan Gaya, yana gaggawar tsallakawa Malanville, amma Yaya ba zai taɓa guduma ba sai ya ji har garin uwar mutum. Shi ya sa aka laƙaba masa Garba Asali, sunan kuma ya raka shi har makabarta.

Ni ce ƙanwarsa Dije, shekara biyu ke tsakaninmu, kuma tun muna yara ni ke sa masa ido, don in ban yi ba babu mai yi. Na daɗe ina zaton son jin gulma ne ke sa shi tambayar nan. Ashe ba haka ba ne. Wanda ya halatta ya zaga yake nema!

Mu Arawa ne, ga tsagarmu nan daga gefen baki har kunne. Ba'are da Bafillace kuwa taubasai ne tun kakanni: ka gaya masa abin da ka ga dama, ya rama, a yi dariya, ba a fushi. To Yaya mutum ne mai bakin da ba ya zama wuri ɗaya, amma yana tsoron haƙƙin mutane. Sai ya raba duniya gida biyu, waɗanda ake zagi da waɗanda ake haƙuri da su.

Ga shi kuma shi ke riƙe da ekip ɗin balo, wato ƙungiyar ƙwallo, ta unguwarmu, Kadojin Bakin Gulbi, sama da shekara ashirin. Balo ɗaya suka yi damina huɗu suna bugawa, faci a kan faci da robar taya, har in an buga ta gabas sai ta ɗan leƙa kudu tukuna. Samarin suka kai kuka. Ya ce, "Wanda ya iya da wagga, ta kanti za ta bi shi kamar tunkiya."

Ban taɓa shiga filin ba a lokacin, amma gidana yana bayan katangarsa, ina suyar kifi ina jin komai. Kafin kowane wasa Yaya zai je wurin arbitir, wato alƙalin wasa, ya miƙa masa hannu da ladabi: "Ɗan wane ne?" In aka yi sa'a Sambo ne, dogon Bafillacen nan dillalin shanu, to ranar salla ce.

"Sambo! Wannan usur ne ko kiran maraƙi? Saniyar gidanku ta fi ka gane satar fage!"

Sai Sambo ya cire usur daga baki, wasa na tafiya, ya juyo: "Zauna, Ba'are, kada tuwon da ka ci kwano uku ya zubo mana a fili!"

In an tashi su raba goro ɗaya. In kuwa arbitir ba taubashi ba ne, sai ka ji gefen Yaya tsit. Rannan na leƙa ta saman katanga don in ga ko lafiya, na tarar ya tuɓe hula ya cusa a baki yana tauna. Da yamma na ce, "Yaya, mi ya kai ka ga cin hula?"

"Dije, mutumin Dandi ne. Ba ni da hanya a kansa."

Hula uku ya cinye a wannan daminar, matarsa shaida ce.

To sai shekarar da Allah ya buɗa wa Kadoji ƙafa a gasar hutun lakwal, wato makarantar boko. Suka yi ta ci, abin da ba su saba ba. Ana cikin haka aka kawo sabon arbitir, Mushe Idrisa, don Mushe muke ce wa malamin lakwal, an turo shi daga Dosso. Dogo, siriri, fari, ga hanci, fuska kuma sumul babu tsaga ko ɗaya. Ranar da zai fara busa wasan Kadoji wata taya ta riƙe Yaya, ya iso an riga an fara. Karo na farko a rayuwarsa bai yi tambaya ba. Ya dubi hancin kawai ya yanke hukunci.

Kadoji suka jefa balo a raga, Mushe ya ce ba ta ci ba. Ina tsaye a bakin kasko na ji muryar yayana ta tsallako katanga: "Kai ɗan Fillo! Koma bayan shanu! Ubanka bawan ubana ne, kai ma bawana ne, busa yadda na ce!"

Na tsaya da matsami a hannu ina jiran ramuwa, kamar yadda shi ma yake jira. Ba ta zo ba. Filin ya yi shiru har ina jin mai yana tafasa. Na taka turmi na leƙa. Mushe ya taho a hankali, ɗalibansa cike da gefen fili suna kallo, ya ciro jan kati ya ɗaga wa Yaya. Abin da na lura da shi, zancen uban nan ne ya fi taɓa shi. Na riƙe wannan a raina.

Bayan kwana biyu komite ta aiko da takarda da Faransanci, da tambari a ƙasa. An dakatar da Garba har ƙarshen gasa: ba benci, ba fili, ko ƙofa kada ya taka. Sai fa in ya je ya ba Mushe haƙuri, Mushe kuma da bakinsa ya gaya wa komite ya yafe. Yaya ya sa aka karanta masa sau biyu, ya ninke ta ya sa cikin hula.

"Ba'are ya ba Bafillace haƙuri? A ina aka taɓa ji? Ɗan birni ne, ya manta al'ada. Amma jinin yana nan."

"In kuma babu jinin fa?"

"Dije, kin ga hancin kuwa?"

Ranar wasan kusa da na ƙarshe ya zo ya roƙe ni katangata, na hana, don rabinta na filin ne. Sai ya hango kamiyon albasa a tsaye a bayan fili yana jiran takardun duwan, wato kwastan. Ya haye can ƙololuwa, ya zauna a kan buhuna, yana ba da umarni da hannu biyu. "Wannan ba fili ba ne, albasa ce!" in ji shi. Ana tsakiyar wasa direba ya samu takardunsa, bai san da mutum a sama ba, ya tada mota. Jama'a suka ga Garba Asali yana tafiya a sama kamar ango, yana waiwaye yana ihu, "Ku tsare hagu! Hagu na ce!" Sai a bakin gada ma'aikata suka sauko da shi, suna tambayar direba ko shi ma yana cikin lodin. Ya dawo a kabu-kabu yana warin albasa, ya tarar Kadoji sun ci.

Saura kwana takwas wasan ƙarshe, wanda ya yi shekara ashirin yana jira. Da hantsi sai ga shi a gidana, ya zauna a kan turmi, ya ƙi cin kifi. Nan na san abin ya kai.

"Dije, ku mata kun san abin da maza ba su sani ba. Nemo mini Bafillace guda ɗaya a zuriyarsa. Ko kaka, ko kakar kaka. Ko wadda ta goya shi ma na karɓa. In kai wa komite, su san wasa ne."

Na yarda, amma ba don shi kaɗai ba. Ni ma ina son in san abin da ya sa zancen uba ya taɓa shi haka.

Na fara da matar mai gidan da Mushe ke haya. Ta ce uwarsa mutuniyar garin Bana ce. Na tafi Bana ranar kasuwa, na zauna wurin masu gishiri ina taɓa wannan ina ɗanɗana wancan, har wata ta ce ta san uwar, Kyangawa ne gaba da baya, uban kuwa daga wani ƙauye ne bayan Dioundiou. Washegari na shiga mota. Aka nuna mini gidan gwaggonsa. Na yi sallama, tsohuwa ta fito, muka tsaya muna kallon juna kamar madubi. Tsagarta irin tawa ce sak.

Ta shimfiɗa mini tabarma, ta jero mini kakanni bakwai, duk Arawa. Na ce, "To ina tsagar yaron?" Ta ce ubansa ne ya hana, ya ce ɗan lakwal zai zama, a bar masa fuskarsa. Na ce, "Hancin fa?" Ta ce, "Hanci na Allah ne, ƴar'uwa." Sannan ta share ido da gefen zane, ta ce ai uban bana ya rasu, sadakar arba'in ɗinsa ma ba ta daɗe ba da aka tura yaron Gaya.

Na dawo na tarar da Yaya a rumfa, ya taso da murna. "An samu?"

"Babu. Ko nono ba ya sha, ɓata masa ciki yake yi. Ba'are ne kamarka. Uban da ka kira bawa kuma, bana aka binne shi."

Ya koma ya zauna a kan taya. Ya tuɓe hular, na ɗauka ci zai yi, sai ya aje ta a gwiwa.

"Dije, ashe zagi na yi."

"Shekara sittin kana yi."

"A'a. Wancan wasa ne. Wannan ne na farko."

Na ce ya je gidan Mushe su gama a tsakaninsu. Ya ce a gaban jama'a ya ɓata, a gaban jama'a zai gyara. Ranar Juma'a da aka sallame, ina wurin mata ina hange, ya tare Mushe a ƙofar masallaci, ya durƙusa har ƙasa a gaban yaron da bai kai ɗansa na fari ba. Ya ce, "Ban tambaya ba, na yi zato. Ka yafe mini, ka kuma roƙa mini gafarar wanda ke kwance." Mushe ya kama shi yana cewa, "Baba, tashi, don Allah tashi."

Amma Mushe malami ne, ya san halin ɗalibi. Ya ce zai gaya wa komite, da sharaɗi ɗaya. "An ce mutum ɗaya ke sa ka shiru a garin nan. Ta zauna kusa da kai a benci."

Haka na shiga filin balo da tsufana, da mayafina. Su suna kallon balo, ni arbitir nake kallo. Ya fi kowa gudu, babu mai ba shi balo, babu mai gode masa, ko ta ina ya busa rabin gari na jin haushinsa. Na ce a raina, wannan wane irin aiki ne mutum zai zaɓa da hankalinsa? Har yau ban samu wanda ya ba ni amsa ba.

Ana dab da tashi, ba wanda ya ci, sai wani ɗan Kadoji ya kwashe ƙafar mutum a gaban raga. Mushe ya busa penalti. Yaya ya zabura, hula ta faɗi, jijiyar wuya ta tashi, baki ya buɗe. Filin gaba ɗaya ya bar kallon balo ya juyo gare mu. Tun da aka haife ni ban taɓa kiran sunansa ba. Ranar na ce, "Garba."

Ya dube ni. Ya dubi Mushe. Maganar ta riga ta taso, dole ta fita. Sai ya ɗaga hannu ya kwarara ihu: "Mushe! Allah ya jiƙan mahaifinka!"

Fili duka ya amsa, "Amin!" har da mai bugun penaltin. Sannan ya buga ta shiga. Aka cinye Kadoji ɗaya da nema. Da muka kai ƙofata sai Yaya ya ce: "Penalti ne, na gani. Amma da Sambo ne, wallahi da ya ji."

Daga nan duk wasan da Mushe ya busa, hula ce ke shan wahala. Sai bayan shekara biyu Mushe ya yi aure, Allah ya ba su ɗa namiji. Ranar suna Yaya ya riga wanzami zuwa, da sabuwar hula. Aka miƙo masa jinjirin, ya karɓa, ya ce, "Ɗan wane ne?" Mushe ya ce, "Nawa ne, Baba." "Na sani. Uwarsa fa?" Mushe ya sunkuyar da kai yana murmushi: "Ƴar ƙanen Sambo ce."

"Alhamdu lillahi! Rabinsa nawa ne!" Ya kai baki kusa da kunnen jinjirin, a hankali don kada ya tashe shi, ya ce, "Sannu da zuwa, ɓarawon maraƙi."

Mushe ya yi dariya har da hawaye.

Daminar bara Yaya ya kwanta, kwana tara, ya tafi. Ina bakin ƙofa aka fito da shi, Sambo a gaban makara, Mushe a baya. Da Sambo ya zo gaisuwa ya ce, "Ba'are ya gudu don ya ga na fara rinjayarsa." Takardar komite kuwa a cikin hula muka same ta, ta yi laushi, da shaidar haƙora a gefe.

Ya Allah, ga bawanka Garba nan ya zo inda ba a tambayar mutum ɗan wane ne. Bakinsa ya yi yawa, amma sau ɗaya ya cuci mutum da shi, kuma ya durƙusa. Ka yafe masa yadda aka yafe masa, ka sanyaya makwancinsa, ka haɗa shi da mahaifin Mushe su gaisa. Amin.