Sunana a Bakin Mahaifiyata

Shekarun baya, bayan yaƙin basasa ya lafa kuma kuɗin mai sun fara yawo a hannun mutane, mahaifina ya koma Fatakwal kan sana'arsa ta wake da albasa. Wannan karon ya ɗauko mu daga Kano, ni da mahaifiyata da ƙanina da ke goye. Ni ce 'yar fari, kuma sunan kakata ta wajen uba aka sa mini. Kunya biyu ke nan a kan mahaifiyata: ta ɗan fari da ta suruka. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" ce ni, ko "yarinyar nan", in kuma ranta ya ɓaci, "waccan".

Ana gab da ƙaramar salla mahaifina ya ce mu shirya, zai kai mu kasuwar Mile 3 mu zaɓi atamfa da kwanuka. A hanya ya ja kunnena. "Nan ba gida ba ne. Duk wanda ya kira ki, in ba ki san muryarsa ba, kada ki amsa, ko da sunanki ya ambata."

Ban taɓa ganin kasuwa irin wannan ba. An yi ruwa da safe, ƙasa duk caɓi, ga warin busasshen kifi da manja, ga rediyo a kowace rumfa, kowace da waƙarta. Ba mu daɗe ba aka zo aka ce wa mahaifina motar albasarsa ta iso tasha. Ya bar mu a rumfar wata mai manja, Inyamura, wadda ta zauna Sabon Garin Kano kafin yaƙi, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Ya ce mu jira shi.

Ni kuwa tun ina ƙarama akwai ni da shagala. Wani mutum ya wuce da madubai a kansa, sama da gajimare suna tafiya a cikinsu. Na ce bari in ɗan bi shi in ga inda zai kai sararin nan. Da na waiga, babu rumfar manja, babu mahaifiyata, sai ƙafafun mutane. Na yi gaba, na yi baya, kowane layi kamar ɗan'uwansa. Tsoro ya kama ni, na kutsa bayan wasu buhunan garin rogo na tsuguna.

Abin da ya faru a can, mai manjan ce ta ba ni labari daga baya, don ta zama ƙawar gidanmu, kuma ba ta gajiya da maimaita shi. Ta ce mahaifiyata ta tsaya tana juyi, tana cewa, "Yarinyar nan fa? Ina yarinyar nan?"

"Maman yara, faɗi sunanta mu kira."

Mahaifiyata ta sunkuyar da kai. "Mai sunan uwar maigidana ce."

"To ni ina na san uwar maigidanki? Tare muka yi wasan ƙasa?"

Da ƙyar ta raɗa mata a kunne. Nan take mai manja ta tashi maƙwabtanta, masu kifi da masu turin baro, aka bazu ana kwaɗa kira. Na ji su sarai. Sunana yana tashi ta gabas, yana tashi ta yamma, cikin muryoyin da ban sani ba, kowa da yadda ya lanƙwasa shi. Na tuna gargaɗin mahaifina, na ƙara matsewa cikin buhuna. A zuciyata cewa nake, lalle ɓarayin garin nan sun ƙware, har sunana sun samo.

Da aka dawo babu labari, kuma hadari ya sake haɗowa, mai manja ta kama hannun mahaifiyata. Ta ce wannan karon ba ta yi wasa ba. "Na san al'adarku, na zauna da ku. Amma yaro muryar uwarsa yake bi. Nawa ya ɓace mini a hanyar gudu, na kira shi har muryata ta mutu, bai amsa ba. Ke taki tana cikin kasuwar nan. Buɗe baki."

Ina tsugune, ɗigon ruwa ya fara sauka a kan kwanon rumfa, sai na ji shi. Muryar na sani, sunan na sani, amma ban taɓa jin su tare ba, har na ɗan tsaya ina tantama. Ba ta iya kiran ba ma. Ya fito a karye, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Ta sake, da ƙarfi. Na miƙe na ruga ina cewa, "Inna! Ga ni!"

Na zaci za ta rungume ni, ko ta mare ni. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta gyara goyonta, ta kau da kai, ta ce, "Ke, wuce mu tafi." Amma ta riƙe wuyan hannuna, riƙon da sai da ya bar shaida. Da mahaifina ya dawo ya ji, ya tambayi yadda aka same ni. Ta ce, "Kiranta aka yi." Mai manja ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi fuskar mahaifiyata, ta fasa.

A da nakan ji ƙyashin ƙanina, yadda sunansa ke fita daga bakinta ba wuya, safe da yamma. Nakan ɗauka ni ce ba a damu da ita ba. Tun daga ranar na daina. Na gane sunan yana nan a wurinta, a ajiye, kamar zanen da ake sawa a ƙasan adaka saboda ya fi sauran daraja.

Ba ta sake faɗinsa ba har yau. Kwanakin baya ina taje mata kai, na ce, "Inna, ko in koma kasuwa in ɓata ne, in ƙara ji?"

Na ga kafaɗunta suna motsi da dariya. Sannan ta ce, "Ke, ja can. Marar kunya."