Oba-oba a Jirginmu

Ba a jima da yanka mana jihar Kebbi ba aka kawo wa ƙungiyar masu jirgin ruwa ta Yelwa rediyon magana. Iri biyu ce. Akwai ta girke, wadda ake kafewa a jirgi da batirin mota da doguwar eriya. Akwai ta hannu, oba-oba irin ta 'yan sanda. Kowane jirgi zai zaɓi ɗaya. Babbar rediyon ƙungiya kuwa tana kwata, bakin ruwa, wurin Sarkin Ruwa, shi ke amsa kira.

Jirgin namu ne ni da yayana, amma ni ke tuƙi. Ina ganin oba-oba raina ya biya. Wa zai gan ka da akwatin da aka ɗaure ƙarƙashin benci?

Yaya ya ce, "Ta girke tana kai magana har Wara. Wagga abar taka batirinta bai kai ƙullin goro ba."

Na ce ni na yi firamare, na fi shi sanin inji.

"To ɗauka, malam. Ran da ta kunyata mu, ka sauka daga kan inji."

Ranar kasuwar Wara muka loda albasa da mutane. Na rataya oba-oba a ƙugu, ina tafiya kamar sufeto. Na latsa, sai ga muryar Sarkin Ruwa tar a tsakiyar ruwa. Jirgi ya kaure da salati. Daɗi kamar ya kashe ni.

To, ba a kiran babba a ce "oba" kawai. Na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi ƙafarsa mai ciwo. Wani Alhaji ya karɓa ya yi tasa gaisuwar. Wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, miƙo in ji lafiyar ƙanena." Wa zai hana ta? Har Bafillatani ya sa a duba mai shanunsa a kwata. Ni kuwa sai miƙawa nake ina washe baki.

Daura da Ngaski farfela ta daki kututture, cikin itatuwan da dam ya shanye. Inji ya yi shiru. Na zaro oba-oba ina murna aikinta ya zo. Na latsa. Ko tari ba ta yi ba. Gaisuwa ta cinye batir.

Da filafili biyu da murfin tukunya muka kai gaɓa, la'asar ta wuce, kasuwa ta watse.

Yaya bai zage ni ba. Ya ce, "Matsa," ya zauna a wurina. Tun ranar ni ke kwalfe ruwa a gindin jirgi, kuma cikin masu gaisuwar nan ba wanda ya taɓa ce mini sannu.