Allon Zayyanar Gidanmu

Allon zayyana ɗaya muke da shi a gidanmu na Kebbe, babba, mai nauyi. Duk wanda zai yi saukar Alƙur'ani, kawuna ne ke zana masa shi. Idan saukar wani ta zo, sai a wanke, a shafa farar ƙasa, a sake sabon zane. Kawu mutum ne mai ƙarancin magana da saurin fushi. Na sha zama kusa da shi yana aiki, in na yi tambaya ya ce in buɗe ido in rufe baki. Ban taɓa gane ta inda yake farawa ba.

Ya rasu ya bar zanensa na ƙarshe a kan allon. Da saukar 'yar ƙanwata ta matso, ina koyarwa a Tambuwal, aka aiko mini cewa ni zan zana, tunda ni kaɗai na taɓa riƙe alƙalaminsa. Na hau babur na sha gargadar hanya da niyya ɗaya, in hana a wanke allon nan. Abin da ya rage mana na hannunsa ke nan, kuma na san nawa ba zai kama ƙafarsa ba.

Na ce wa Inna a sayo sabon allo, wannan a rataye shi. Ta dube ni tana tsince shinkafa.

"Allo na, ba kushewa ba. Shi ma da hannunai ya wanke na ubanai, ina tsaye."

Na ji zafin maganar, wai ina son mayar da allo kabari. Da hantsi na ɗebo ruwa a ƙwarya na zauna gindin darbejiya. Ina shafawa a hankali, baƙar tawada ta fara tafiya, sai ja ya fito a ƙarƙashinta, can ƙasa kuma wasu siraran layuka da ya fara ja daga tsakiya zuwa gefe. A wuri guda na ga ya kuskure, ya karkata reshen zanen ya bi kuskuren har ya zama ado. Ashe shi ma laluben hanya yake yi, kamar yadda nake yi yau in na zauna rubutu.

Na yi kuka, ban ɓoye ba. Abin da ya ƙi faɗa mini da baki duk yana nan, kuma ina ganinsa ne kawai saboda ina goge shi. Lokacin da na gama fahimta, babu abin da ya rage a allon.