Yadda Lorenzo Pettiford Ya Karya Mini Kasuwa

Lorenzo Pettiford ya shekara talatin da ɗaya yana raba wasiƙu a gabashin Detroit, kuma da wuya a sami gidan da bai san abin da ke ɗakinsa na ƙarƙashin ƙasa ba. Ba leƙe yake yi ba, mutane ne ke son sa da hira. Zai miƙa wa tsohuwa wasiƙarta, ta tsare shi a bakin ƙofa da labarin marigayi mijinta, kafin ya wuce ta ce, "Lorenzo, akwai wasu tsofaffin faya-fayan garmaho a ƙasa, kwashe su ka rage mini tarkace." Da haka ya tara nasa, da fara'a da kuma haƙurin sauraro.

Ni kuwa, Wendell Kowalczyk, da gumin masana'antar motoci na tara nawa. Na san shekarar da aka buga kowane faifai da launin takardar tsakiyarsa. Sai na sa safar hannu nake taɓa su, kuma ba na ɗora musu allura, don allura cin faifai take yi. Matata Bernadette takan ce ni kaɗai ta sani mai ɗaki cike da kiɗa amma gidansa shiru kamar maƙabarta.

A kasuwar tsofaffin kaya ta Royal Oak muka fara haɗuwa, wata Lahadi da safe. Na gan shi ya zaro faifai daga kwali, ya hura masa iska, ya goge shi a cikin rigarsa. Saura kaɗan in faɗi. Na matsa na yi masa huɗuba a kan ƙura da maiƙon yatsu. Ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce, "Na gode, Farfesa." Sunan ya bi ni har yau.

Mahaifin Lorenzo ya zo daga Alabama neman aiki a maƙerar ƙarfe, mahaifiyarsa tana guga a gidajen masu hali. Wata uwar ɗakinta ce ta ba ta tsohon garmaho, shi ne Lorenzo ya tashi da shi a kunne. Bayan ya yi ritaya matarsa Corinne ta rasu, ya rage shi kaɗai a gida. Kullum da hantsi yakan sa faifai ya soya ƙwai yana rausaya, gwiwoyinsa na ƙara. Duk faya-fayansa sun sha allura har sun gaji, da yawa ma babu riga.

Akwai faifai ɗaya da na shekara goma sha tara ina nema: waƙar wasu 'yan mata uku, Earline da Tantabaru. Wani mai aski ne ya buga shi a 1966, guda ɗari uku kacal, kuma an ce shagonsa ya ƙone da kusan dukkansu. Guda huɗu aka san suna duniya. Na yi mafarkinsa fiye da yadda na yi mafarkin Bernadette, kuma ta san da haka.

Wata Asabar a watan Yuli Lorenzo ya kira ni.

"Farfesa, sa takalminka. Na samo maka Earline."

"Faifan?"

"Wane irin faifai? Matar da kanta!"

Ashe shekara da shekaru yana kai mata wasiƙa da sunan mijinta, Gaddis, bai sani ba. Sai a jana'izar wata 'yar cocinsu, Earline ta miƙe ta ce tare suka yi waƙa da marigayiyar suna 'yan mata, ta faɗi sunan ƙungiyar.

Muka same ta a barandar gidanta tana ɓarar wake. Ta kai saba'in, tsohuwar mai dafa abinci a makarantar firamare, irin matan nan da kallo ɗaya za su yi maka ka gyara tsayuwa. Ban bari mun gama gaisawa ba na fara zuba: shekarar faifan, inda aka buga shi, lambar da aka karce a gefensa. Ta bar ni na ƙare.

"Ɗana, ka taɓa jin waƙar?"

Shekara goma sha tara, kuma ban taɓa ji ba.

"Lorenzo, ina ka samo wannan?" ta ce. "Ku biyo ni."

Ta sauka da mu ɗakin ƙasa. Bayan wani mataccen injin wanki ta ja wani kwali ta buɗe. Ga su nan jere, sababbi fil, sun fi ɗari biyu.

"Amma an ce gobara ta cinye su, Mis Earline."

"Ni na kwashe su kafin gobarar. Ranar da aka ɗauki waƙar mura nake yi. Mai gangar kuma ɗan 'yar'uwar mai askin ne, ranar ya fara riƙe sanda. Na ce duniya ba za ta ji ni ina kukan kwaɗo ba."

Ta ɗauki ɗaya da hannun da ta gama ɓarar wake, muka hau falo ta ɗora allura. Gaskiyarta ne. Muryar ta hanci take fita, gangar tana gabas, 'yan amshi suna yamma. Ni kuwa na lumshe ido ina gyaɗa kai, har da cewa, "Kai, akwai zurfi a nan."

"Zurfin majina," in ji ta.

Lorenzo ya yi dariya har da hawaye. Sai ya miƙe, ya gyara kwalar rigarsa, ya miƙa mata hannu. "Mis Earline, waƙa ko ta lalace ba a barin ta ta tafi a banza." Ta harare shi, ta goge hannu a zanen gabanta, ta ba shi. Suka yi rawa tsakanin kujera da talabijin har allura ta kai ƙarshe. Ni ban ga komai a wannan rawar ba. Hankalina yana ƙasa, wajen kwali.

Ta ƙi sayarwa. Ta ce dai in na fitar mata da injin wankin nan zuwa bakin titi za ta ba ni ɗaya. Lorenzo ya ce gwiwarsa ba ta yarda ba, shi zai tsaya a sama yana nuna hanya. Mataki goma sha uku na hau da injin, a na tara na ji bayana ya ce ƙas. Amma na fito da faifaina a hannu, ina tafe a karkace kamar ƙaguwa.

Don murna na ce sai na saya wa Lorenzo abinci. Na kwantar da faifan a hankali a bayan mota, daidai ƙarƙashin gilashi, don kada wani abu ya danne shi. Muka shiga wani shagon Coney, wato naman da ake sa wa cikin burodi, na ci biyu da albasa, na kwashe sa'a biyu ina koya masa yadda ake adana faifai. Da muka fito, ranar Yuli ta gama aikinta. Faifan ya lanƙwashe kamar ganyen kabeji.

Lorenzo ya ɗaga shi ya duba ta ko'ina. "Farfesa, ko ƙura ɗaya babu a jikinsa. Ka iya adana kaya."

Na koma wajenta da kunya na roƙi wani. Ta ce wanda ya kasa kai ɗaya gida ba a ba shi na biyu. Daga nan na lura Lorenzo ya fara zuwa gidanta duk Laraba, yau da burodin masara, gobe da furanni. Na ɗauka don ni yake yi. Har shawara nake ba shi: kada ya yi gaggawa, ya bari ta sake da shi tukuna kafin ya taɓo maganar. Yakan ce, "Haka nake yi, Farfesa, daidai yadda ka ce." Bernadette ta dube ni wata rana ta ce, "Wendell, anya da kai aka raba hankali?"

A watan Mayu aka ɗaura aurensu a cocinta. Ni na sa kiɗa a wajen liyafa, da sharaɗin amarya cewa in na kuskura na sa tata waƙar za ta karya mini sauran bayan. Da aka tashi, sai ga tebur a bakin ƙofa, kwalin nan a kai. Lorenzo ya shawo kanta cewa gara mutane su yi dariya da waƙar da a bar wa ɓeraye. Duk wanda ya zo biki aka ba shi faifai ɗaya da yankan kek a takarda. Mutum ɗari da sittin. Kafin wata ya ƙare faifan da a da guda huɗu ne a duniya ya cika kasuwar Royal Oak, masu sayarwa na ba da shi a matsayin gyara.

Na bi layi kamar kowa na karɓi nawa. Earline ta riƙe shi sai da ta ga Bernadette, ta miƙa mata ta ce, "Ke riƙe, 'yata. Shi a ba shi kek."

Yanzu Lorenzo ya koma gidanta da zama. An yi masa aikin gwiwa ɗaya, yana jiran ta biyu, kuma ta sa shi cikin mawaƙan coci duk da muryarsa ba ta fi tata ta ranar mura ba. Duk Lahadi bayan sujada mukan je cin abinci wajensu, ni da Bernadette, kuma ni ke wanke kwanoni.